Fim ɗin tarihin Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, daga ina za a fara?

Ɗan'uwa ka ce daga ina ya kamata a fara, ni dai in ni ne darakta birnin Hamburg na Jamus zan kai su 1960, suna kiɗa a kulob har asuba ga ba kuɗi, sai korar mai gangarsu Pete Best a 1962 aka kawo Ringo Starr a madadinsa, wannan sin ɗin kam sai an tausaya. Rabuwar kuma don Allah kar a ɗora wa Yoko Ono, matar ɗan ƙungiyar John Lennon, ita kaɗai, tunda manajansu Brian Epstein ya mutu 1967 abu ya fara lalacewa, rigimar kuɗi ce, Paul McCartney, ɗaya daga cikin su huɗun, ya ƙi Allen Klein a matsayin sabon manaja, sauran ukun suna sonsa, 1970 kowa ya kama gabansa har kotu sai da aka je.