Tambayi Hajiya: Kwana Biyar a Istanbul, Ni da Maigida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Shekararmu 10 da aure, ba mu taɓa fita ƙasar waje mu biyu ba, in ban da biki ɗaya da muka je Lome. Maigidana yana sayar da kayan mota a Suame, ni ina ɗinki a gida. Shekara biyu ina zubin susu, shi ma ya cika da nasa, ya ce in zaɓi gari, na zaɓi Istanbul. Kwana biyar za mu yi, yara za su zauna wajen Mma. Abu biyu ke damuna. Na farko abinci: mutumin nan in babu barkono bai ci ba, da safe wake da shinkafa da shito, da dare tuwon zafi. Na biyu, tun da dangi suka ji labari saƙo ke ta shigowa, wannan abaya, wancan takalmi, shi ma ya fara cewa zai leƙa inda ake sarin kayan mota. Don Allah ki ba ni shawara.

Mai ɗinki daga Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya raya zuri'a. Da ta biyun zan fara, don ita ce ke iya cinye miki tafiyar tun ba ku hau jirgi ba.

Na daɗe ina sarin mayafai da dogayen riguna a unguwar Laleli ta Istanbul ina kawowa shagona a Nima, Accra. A 2014 na ce wa Alhaji ya raka ni, ya ga gari. Kwana huɗu muka yi, uku a cikin shaguna suka ƙare. Har yau ina ganinsa zaune a kan 'yar kujera a bakin wani shago, ledoji tsakanin ƙafafunsa, yaron shago ya kawo masa shayi na huɗu, ni kuwa ina ciki ina ciniki da kalkuleta. Bai ce uffan ba. Sai daren ƙarshe, ina durƙushe ina ɗaure kaya, ya ce a hankali, "Hajiya, kabarin Abu Ayyuba da nisa ne daga nan?" Ba nisa, ko awa ɗaya ba za mu yi a hanya ba. Amma washegari jirginmu zai tashi, ga kayan mutane ba a kai wa masu kago ba. Ba mu je ba. Sai da muka shekara biyar kafin Allah ya sake nufar mu da komawa tare, a karon nan da jaka ɗaya kowa, kuma shi ne ganina na farko da garin da na yi ta zuwa.

Saboda haka kada ki karɓi kuɗin kowa. Wanda ya damƙa miki sidi ya ce ki sayo masa abu ya ɗora miki bashi ne, za ki yini kina neman irin launin da ta ce da lambar ƙafar ɗansa. Ki ce musu da fara'a tsaraba za ta zo, saƙo kuwa sai wata tafiyar. Maigida kuma ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce masa kin yi shekara biyu kina tara wannan kuɗin don ki zauna da shi ne. In ya matsa, ku ba kasuwa yini ɗaya, na ƙarshe, ku tafi tare.

Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga Accra kai tsaye, tafiyar wajen awa 7 ce, kuma agogonsu yana gaban namu da awa 3. Ku zo Accra da kwana ɗaya a hannu, kada hanyar Kumasi ta ba ku kunya. In kun samu sarari ku yi salla a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Ki kalli ƙubbobinsa da siraran hasumiyoyinsa da kyau, gobe za ki ga inda aka ɗauko su. Ɗan Ghana yana buƙatar biza, ku fara nemanta da wuri, da kanku. Ku sayi adafta, don soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Watan Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne daidai jikinmu. Sanyin Janairu a can ya wuce hunturun da kika sani, har ƙanƙara tana sauka.

Masauki ku nema a unguwar Sultan Ahmad ko Sirkeji, ko da ɗakin ƙarami ne, domin yawancin abin da za ku gani da ƙafa za ku taka. Garin ya haura mutum miliyan 15, cunkoson motarsa ya fi na Kejetia, tasi za ta ci kuɗinku ta ci lokacinku. Ku sayi katin da suke kira Istanbulkart ku zuba masa kuɗi, da shi ake hawan bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa, kuma kati ɗaya ya ishe ku ku biyu. Jirgin kan titi mai lamba T1 shi ne tirotironku, ya ratsa Sultan Ahmad ya gangara Eminonu. Takalmi mara tudu, 'yata. Garin hawa da gangara ne, titunan dutse.

A rana wuri biyu ya isa. Ranar farko Ayasofiya da Masallacin Sultan Ahmad, suna kallon juna, fili ne kawai a tsakani. Ayasofiya an gama gininta a shekara ta 537 a matsayin coci, Sultan Muhammadu Alfatih ya mai da ita masallaci da ya ci garin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, aka dawo da salla a 2020. Ki ɗaga kai ki ga manyan faya-fayai takwas da aka rubuta sunan Allah da na Manzo da Halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 ne, shuɗin tayil ya lulluɓe cikinsa. Ku daidaita zuwanku da lokacin salla, ku shiga da alwala cikin masallata, takalmi a leda a hannu. Bayan sallama kada ku yi saurin tashi, ladan ne ke jan tasbihi da murya, jama'a na bi.

Fadar Tofkafi, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400, ki ba ta safiya guda cur, ban da Talata don a rufe take. Akwai ɗakin da aka ajiye kayan da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban sahabbai da makullan Ka'aba, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Mai karatu yana zaune a gefe yana tilawa, ana canjin hannu dare da rana. Layin yana da tsawo, ku je da sassafe.

Kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da Manzo ya sauka gidansa a Madina, yana unguwar da suke kira Ayyub Sultan, a can ƙarshen wani reshen ruwa. Ya rasu ne a yaƙin da Musulmi suka kawo garin zamanin Mu'awiya. Da muka je, Alhaji ya daɗe tsaye bai motsa ba. A harabar muka ga yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu kamar 'ya'yan sarki, ashe waɗanda za a yi wa kaciya ne iyaye ke kawo su ziyara.

Abin da ba na so ya wuce ku shi ne mafi arha a tafiyar. Gab da magariba ku gangara Eminonu, ku sayi simit, wani burodi ne zagayayye da aka barbaɗe da riɗi, ku shiga jirgin ruwan da ma'aikata ke komawa gida da shi zuwa Uskudar ko Kadikoy. Minti 20 kun bar nahiyar Turai kun shiga Asiya. Ku zauna a benci na waje, a baya. Mai shayi zai zo da tire, 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, jan shayi ba madara, sukari 'yan dunƙule biyu a gefe. Fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin, in kika jefa gutsuren simit sama tun bai faɗo ba sun cafke. Rana tana faɗuwa bayan hasumiyoyi, sai kiran salla ya taso daga gaɓa biyu, wannan na ƙarewa wancan na ɗauka. A nan Alhaji ya ba ni labarin shekarar da ya fara zuwa Accra daga Tamale a bayan motar doya, labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Ki sa wayarki a jaka.

To, ga maganar ciki. Ki kwantar da hankalinki kan halal, naman garin na yanka ne, alade sai wanda ya je nemansa. Giya dai ana sayarwa a wasu gidajen abinci, za ki gane su da kwalabe a kan tebur. Gaskiya ne ba sa cin barkono kamar mu, girkinsu man shanu ne da tumatir da kindirmo. Ki daka masa yaji mai kyau, busasshe, ki ƙulle a kwalba cikin babbar jaka. Shito mai ne, yana iya tsiyaya ya ɓata kaya, kuma ba a bari a shiga da shi jakar hannu. Kalma ɗaya za ki koya masa: "aji". Haka suke kiran abu mai yaji, kin ga ba ta yi nisa da tamu ba. Ya nemi kebab ɗin Adana, niƙaƙƙen naman rago ne da jan barkono, a gasa a kan faffaɗan tsinke, ɗan'uwan cincinga. Na Urfa kamarsa ne amma ba yaji, kada su rikita shi. A kan kusan kowane tebur akwai jan barkono da aka ɓarza.

Ku guji gidajen da ake tsayar da yaro a ƙofa yana kiran baƙi da Turanci. A irinsu aka taɓa kawo mana kifi ba a faɗi farashi ba, da takardar biya ta zo ashe da awo ake sayarwa, kuɗin abincinmu na kwana biyu ya tafi a zama ɗaya. Ku shiga lungu ku nemi lokanta, inda teloli da masu shago ke cin rana. Abincin yana jere a bayan gilashi, yana tururi, da yatsa za ki nuna, kamar yadda kike yi wajen mai wake da shinkafa. Akwai farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu, suna ce masa kuru fasulye, a haɗa da shinkafa. Gidajen da ke gaban Masallacin Sulaimaniyya sun yi suna a kansa, sai ku haɗa da ziyarar masallacin, wanda magini Sinan ya gama a 1557. A wata lokanta Alhaji ya fito da kwalbar yajinsa, mai girkin, wani dattijo mai furfura a gashin baki, ya zagayo ya miƙa tafin hannu a zuba masa. Ya lasa, idonsa ya kawo ruwa, ya yi dariya ya kira yaransa biyu su ma su taɓa. Shayin da muka sha a ranar bai karɓi kuɗinsa ba.

Karin kumallo a otal burodi ne da zaitun da cuku da tumatir da kokwamba, ba zai riƙe mai cin wake ba. Ki nema masa menemen, ƙwai da aka soya cikin tumatir da tattasai, ko miyar adas mai zafi. Ki ɗanɗana ayran, nono ne tsinkakke da gishiri, kada ki sa ran zaƙin fura. Kifi da burodi a bakin gadar Galata, inda masu fatsa ke jere, sau ɗaya ya isa. Baklava kuwa ki saya a ranar ƙarshe, da lokum daga Kasuwar Masar da ke Eminonu, kayan zaƙinsu ne, tsarabar Mma da yara ke nan. Babbar rufaffiyar kasuwa mai shaguna wajen 4,000 ba ta ci ranar Lahadi, ku lura da wannan wajen tsara kwanakinku.

In mai goge takalmi ya wuce ku burushinsa ya faɗi, ku bar masa abinsa. Dabara ce ta jawo baƙo a goge masa takalmi a tsuga masa kuɗi.

TAMBAYA

Hajiya, ina gaisuwa. Iyalina tana sa dogon hijabi har ƙasa, ba ta jin Turanci sosai. Za ta takura a can?

Wani malamin makaranta daga Madina, Accra

AMSA

Malam, ba za ta takura ba. A jirgi ɗaya za ku ga mai niƙabi da mai buɗaɗɗen kai suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani. Turancin ma yawancin mutanen gari ba su dame ta ba. Sallama tana buɗe ƙofa, ruwa "su" ne, shayi "cay", kuɗin abinci "hesab", kamar hisabinmu. Masallatai suna da wurin mata da wurin alwalarsu. Ka karɓi katin otal mai adireshi ka sa mata a jaka da 'yan lira, saboda cunkoson kasuwa yana raba mutane. Kuɗi kuma ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a gidajen canji na cikin gari, sun fi sauƙi.