Hukuncin Ƙungiyar 'Yan Haya da Saukar da Baƙi a Ɗakunan da Babu Kowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mu goma sha biyu ne 'yan Arewa a Agege da ke Legas, yawancinmu 'yan kasuwa. Wahalar ejan ta ishe mu, sai muka haɗa kuɗi muka kama gida guda sukutum da sunan ƙungiyarmu. Mu muke raba ɗakuna, mu tara kuɗin wuta da ruwa da shara. Da damina wasunmu kan tafi gida noma wata uku ko huɗu, ɗakunansu a rufe. Muna son mu riƙa saukar da fatake masu kawo kayan gwari kasuwar Mile 12, ko masu raguna gabanin Babbar Sallah, su biya na kwanaki. Sannan akwai wani gida maƙwabcinmu, mai shi yana ƙasar waje, ya fi shekara biyu a kulle. Mai gadin ya ce mu riƙa ba shi wani abu duk wata ya buɗe mana. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ƙungiyar kanta ba ta da wata matsala, abin yabo ce ma. Allah ya ce a Suratul Ma'ida a taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kuma Annabi (SAW) ya yabi Ash'arawa, wata ƙabila ta Yaman, waɗanda idan guzurinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wanda ya taɓa neman ɗaki a Legas ya san ana biyan kuɗin haya, a biya na ejan, a biya na takardar lauya, a ajiye na gyara, duk kafin a ga makulli. Mutum goma sha biyu su ɗauki wannan nauyi sau ɗaya ya fi kowa ya ɗauka shi kaɗai. Abu biyu kawai zan ja kunnenku a kai. Ku rubuta kason kowa da abin da za a mayar wa wanda ya fita kafin shekara ta cika. Kuma idan asusun ƙungiya ya biya wa wani kuɗin haya bashi, ya dawo da abin da aka biya masa cif-cif. Ƙarin da ake ɗorawa da sunan tarar jinkiri riba ce, wato kuɗin ruwa, ko da asusun ƙungiya zai shiga.

Sai ɗakunan waɗanda suka tafi noma. A nan ne fiƙihun yake. Malamanmu na Malikiyya, musamman Imam Ƙarafi, sun bambance tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu da wanda aka yarje masa ya amfana da kansa kawai. Wanda ya sami gurbi a sahun masallaci na biyun ne: zai zauna, amma ba zai sayar da gurbin ba. Ɗan haya kuwa na farkon ne. Ya sayi amfanin ɗakin na tsawon wa'adi da kuɗinsa, don haka asali yana da ikon ya zauna, ko ya ba wani aro, ko ya ba da shi haya ga wanda ba zai fi shi cutar da ginin ba. Malikiyya da Shafi'iyya, da Hanbaliyya a zance mafi rinjaye, sun halatta masa ya karɓi fiye da abin da ya biya. Hanafiyya ne suka ce ƙarin ba ya yi masa daɗin ci sai in ya yi wa ɗakin wani gyara ko ƙari. Na fi natsuwa da maganar jamhuri, kuma ku da za ku sa katifa da fanka ku share wuri, kun ma fita daga saɓanin. Hayar kwana uku ko sati guda ta inganta kamar ta shekara, muddin an san kuɗin kowane kwana.

Amma wannan asalin yana da shinge. Ku ɗauko takardar da kuka sa wa hannu ku ba wanda ya iya karatunta. Yawancin takardun haya a Legas suna hana ɗan haya sa wani a ɗakin, kuma dokar haya ta jihar ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kada ya yi haka sai da rubutaccen izinin mai gida, in dai yarjejeniyarsu ba ta ce wani abu daban ba. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, hadisi kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Mai gidan Bayerabe ne ko Inyamuri, Musulmi ne ko Kirista, sharaɗin ya hau kanku. Idan haka ne, ku je wurinsa ku faɗa masa gaskiya: fatake ne, 'yan'uwanmu ne, na kwanaki ne. In ya yarda ya rubuta. In ya nemi kaso ku daidaita, halal ne. In ya ƙi, magana ta ƙare, duk da na san abin da ciwo ka biya kuɗin wata huɗu gizo-gizo na kwana a ɗakin.

Kuɗin baƙon kuma na wa ne? Na wanda ya biya hayar ɗakin ne, wato wanda ya tafi noma, kuma ba a buɗe ƙofarsa sai da yardarsa. Kasancewarku ƙungiya bai ba shugaba ikon ɗakin kowa ba. Ku yi magana tun kafin ya hau mota: a cire wa ƙungiya ladan ɗawainiya sananne, sauran a ajiye masa, kayansa kuma amana ne a hannunku. Idan kuma tun farko kun yi ittifaƙi cewa kuɗin baƙi asusu zai shiga a rage wa kowa hayar baɗi, wannan ma ya halatta. Sannan ku san wanda kuke saukarwa. Hayar kwanaki da ake ce wa shotlet ta cika Lekki da Ikeja, musamman a watan Disamba, kuma ba kowane mai kama ɗaki ne barci ya kawo shi ba. Wanda kuka san ko kuka fi zaton alfasha ko shaye-shaye zai yi, kuɗinsa haramun ne gare ku. Gidan da ke da iyali kuma kada a cusa musu baƙon namiji a tsakar gida guda sai sun aminta.

Gidan maƙwabcinku shi ne bai halatta ba. Mai gadi an ɗauke shi tsaro ne, ba a wakilta shi ba da haya ba, kuma mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. Abin da zai karɓa cin amana ne, ku kuma da kuka san haka zamanku ƙwace ne. Annabi (SAW) ya ce dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, ya kuma ce wanda ya zalunci wani taƙi guda na ƙasa za a rataya masa shi har ƙasa bakwai. Kada wani ya kawo muku hukuncin raya matacciyar ƙasa. Wannan na dajin da ba shi da mai shi ne, ba gida mai takardu a Agege ba.

Ban ce abin da mai gidan ya yi ya burge ni ba. Gida a kulle shekara biyu a garin da mutane ke kwana a ƙarƙashin gada, ga hadisin da ya ce mai fili ya noma shi ko ya ba ɗan'uwansa ya amfana. Amma wannan kwaɗaitarwa ce gare shi, ba izinin fasa kwaɗo ba ne gare ku. Ku nemi lambarsa ta hannun danginsa, ko lauyansa, ko Sarkin Hausawan unguwarku. Ku nuna masa gidan da babu kowa lalacewa yake yi: rufi ya yi yoyo, a sace wayoyin wuta, ɓata-gari su mai da shi mafaka. Ku yi masa tayin haya mai sauƙi na wata shida, ko aro zuwa wa'adi sananne. In kuɗin gyara ne zai zama hayar, a ƙiyasta gyaran a rubuta adadinsa tun farko, domin hayar da ba a san kuɗinta ba ɓatacciya ce. In kuwa har kun riga kun kwana a ciki da izinin mai gadi, ku fita, ku sanar da mai gidan, ku biya shi kuɗin da ake hayar irinsa na kwanakin, sai in ya yafe.

Allah ne mafi sani.