Iskar ozon da numfashinmu: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara takwas yana da asma. Lokacin zafi, in ya yi wasa a waje da rana sai ƙirjinsa ya riƙa fito, amma da safe lafiya lau.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Lura da lokacin da kika yi ta sa na zargi iskar ozon. Ba ta fita kai tsaye daga salansar mota. Hayaƙin motoci da masana'antu ne ke gauraya da tururin fetur da na fenti, rana ta dafa su, sai ta samu. Shi ya sa take ƙaranci da asuba, ta yi ta hawa har bayan azahar, kuma ta fi ƙamari a watannin zafi. Yaro mai gudu baki buɗe yana zuƙar ta har can cikin huhu, ta fusata hanyoyin numfashi su kumbura. Ki mayar da wasansa da safe, maganin shaƙarsa kuma kada ya yi nisa da shi. In kika ga tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa magana saboda haki, ku tafi asibiti nan take.

Tambaya: Ba ozon ce ke kare mu daga rana ba?

Amsa: Ita ce, Malam, amma wadda ke can sama, kilomita 15 zuwa 35. A ƙasa cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 100 a kowace mita kubik ta iska, in aka ɗauki matsakaicin awo na awa takwas (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram).

Tambaya: Takunkumi yana tare ta?

Amsa: A'a. Ƙura yake tarewa, ita kuwa iska ce. Cikin ɗaki ya fi sauƙi.

Tambaya: Raguwa take yi ko ƙaruwa?

Amsa: Ya danganta da wuri. Birnin Los Anjalis na Amurka, inda hazon hayaƙi ke sa mutane hawaye tun shekarun 1940, ya samu sauƙi sosai bayan an matsa wa motoci da doka. A biranen Sin kuwa, bayan 2013 ƙurar hayaƙi ta ragu, ozon ta hau. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen karkara: iska na kwashe hayaƙin birni, ya dahu a hanya, har ozon ta fi yawa a ƙauyen da ba cunkoson motoci.