Sojojin da Ba Su Kai Ɗan Yatsa Ba: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum. Tun da na sa hoton teburina a fitowar da ta gabata, wato 'yan mahayan nan 12 a gindin kukar da na murɗa da waya, wasiƙu ba su daina shigowa ba. Ga wanda bai san ni ba, aikin ɗakin gwaje-gwaje nake yi a Nottingham ta ƙasar Ingila, shekara 14 ke nan. Da dare kuwa, in yara sun kwanta, sai in kunna fitila in zauna da burushi ina fentin 'yan sojojin wasa. Uwargida ta ce da wannan da kiwon tattabaru duk ɗaya ne, illa dai nawa ba sa cin dawa. Ga biyar da na zaɓa.

Malam, ɗana mai shekara 13 ya ga wasu Turawa a YouTube suna jera 'yan sojojin roba suna jefa ƙwayar ludo, ya hana ni sakat sai na saya masa. Wannan ba caca ba ce kuwa? Daga wani uba a Kaduna.

Alhaji, ba a zuba kuɗi a tsakiya, ba mai tashi da kuɗin wani. Kuɗin da ake ci naka ne, kuma mai kanti ne zai ci su. Aikin ƙwayar ludo shi ne ta yanke ko harbi ya samu ko ya kuskure, tef ɗin awo kuma ya nuna iyakar inda doki zai kai. Akan yi shi a kan teburi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, mutum biyu, kowa da rundunarsa.

Asalinsa ma horon soja ne. A 1824 wani hafsa na ƙasar Furusiya, von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin dalma ja da shuɗi, aka kuwa karɓe shi a rundunar. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da ƙa'idojin yin sa a gida, inda ake harbin sojojin dalma da 'yar igwar wasa. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, shi ya fito da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987, kuma ina kyautata zaton shi yaron ya gani. Hedikwatarsu tana nan garin da nake. Kamfanonin wannan sana'a sun taru a kewayen nan har ana yi wa yankin laƙabi da yankin dalma.

Shawarata, kada ka fara da babban akwati. Samo masa ƙaramin kwalin sojoji masu ma'aunin 1/72, wato an rage girman mutum sau 72, irin na kamfanin Airfix ko Italeri, da fenti kala 5 da burushi ɗaya. In ya gama guda 10 bai watsar ba, ka ƙara masa. Reza kuwa ta zauna a hannunka tukuna. In kuma aka ba shi tsofaffin sojojin ƙarfe, a hana ƙannensa kai su baki, don na da akwai dalma a cikinsu.

Kawu, na samo sojoji masu 1/72 a hannun wani ɗan gwanjo, na sayi fentin akirilik a shagon kayan zane. Na shafa wa guda 8, fuskokinsu duk sun shafe kamar an tsoma su a kunu. Kuma kafin in kai burushi daga faranti zuwa jikin sojan, fentin ya bushe. Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Ƙanena, kowa da kunun nan ya fara. Nawa na farko suna nan a gwangwanin madara, ba na nuna wa baƙo.

Dubi hancin sojan nan, bai kai rabin milimita ba. Fentin da ka matso kai tsaye ya fi shi kauri, to ina hanci zai fito? Sirka shi da ruwa har ya koma kamar madarar shanu sabuwar tatsa, ba kindirmo ba. In ka ɗiba, ɗan dangwala bakin burushin a tishu ya rage, kada ya malale. Shafawar farko za ta fito dabbare-dabbare, ranka zai ɓaci, hannunka zai yi ƙaiƙayin ƙarawa. Kada ka ƙara. Bari ta bushe, ka sake ta biyu, wani lokaci ta uku. Ja da rawaya sun fi kowane launi taurin kai a nan.

Amma tun kafin fenti akwai aikin da na san ka tsallake. Wanke su da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, domin akwai maiƙon da ake sa wa mazubi a masana'anta, kuma fentin ruwa ba ya zama a kan maiƙo. Kankare siririn layin nan da mazubi ya bari a gefen jiki da bayan reza. Sannan shafen farko: fentin feshi mai launin toka, irin wanda masu fentin mota ke fara fesawa. Ka tsaya nesa da kamar santimita 25, ka riƙa fesawa fit-fit kana wucewa. Yi da sassafe, don in rana ta take fentin yakan bushe tun yana iska, ya sauka a jiki kamar yashi. Irin robar taka kuma mai laushi ce, bindiga na lanƙwasawa fenti zai ɓare, saboda haka in ka gama ka bi su da farin gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa.

Bushewar da kake kuka da ita, hunturu ne. Akirilik yana bushewa ne da zarar ruwan cikinsa ya tashi, iskar Zariya a watan Janairu kuwa ko leɓe ba ta bari ba. Nemi robar abinci mai murfi, shimfiɗa tishu ninki 4 ka jiƙa shi sharkaf, ka ɗora takardar gashin kek a kai. A kanta za ka riƙa zuba fenti. Danshi yana ratsowa ta ƙasa a hankali, fentin ya yi awoyi bai mutu ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Sojan 1/72 da kake kallo daga nisan mita 1, daidai yake da mutumin da ka hango daga mita 72. Ka taɓa ganin farin idon mutum daga can? To kada ka zana ido. Abin da ake gani daga nesa shi ne haske da inuwa. Bayan ka sa launukan tushe, haɗa ruwan ƙasa mai duhu da ruwa da yawa, ka bi jikin duka. Zai gangara ya kwanta a lungunan riga da tsakanin yatsu, sai ka ga sojan ya tashi. Daga nan ɗauki tsohon burushi, ɗebi launi mai haske, goge shi a tsumma har ka ɗauka babu saura, ka share saman jikin da shi sama-sama. Tudun ne kawai zai kama, wannan shi ake kira busasshen burushi. Duk bayan minti 10 ka miƙe hannu ka dube shi daga can, domin daga can abokin wasanka zai gan shi. Masu shiga gasar fenti ta Golden Demon sukan yi watanni a kan mutum ɗaya, amma su don akwatin gilashi suke yi, kai kuwa runduna kake haɗawa.

Guda 8 ɗin nan ba su lalace ba. Jiƙa su a Dettol su kwana, ka cuɗe da tsohon burushin haƙori. Ka fara sa sabulun ruwa kafin ruwa ya taɓa su, in ba haka ba fentin zai zama danƙo.

Malam, ina sha'awar abin, amma zuciyata ba ta kwanta da ajiye mutum-mutumi a ɗaki ba. Daga wani mai karatu a Damagaram.

Malam, hukunci na malamai ne, ka kai wa wanda ka amince da shi. Abin da zan ce a matsayin mai burushi shi ne, rabin sana'ar nan babu mai rai a ciki. Akwai masu wasan jiragen ruwa zalla, akwai na tankokin yaƙi, akwai kuma waɗanda ba sa yin komai sai gidaje, gadoji da duwatsu. A kulob ɗinmu mai gina fili ya fi kowa farin jini, don masu sojoji sun yi yawa, masu ƙasar da za a jera su kuwa kaɗan ne.

Yaya, ni da maigidana muna so mu haɗa rundunar Sakkwato ta 1903. Yaya ka yi mahayanka? Kuma duk fatar da na fenta sai ta fito toka-toka. Daga wata 'yar'uwa a Leicester.

Ƙanwata, na san abin da kika yi: kin sa baƙi, sannan kin ƙara fari don ki haska. Baƙi da fari toka suke haifarwa, shi ya sa mutanenki suka fito kamar yaran da suka yi wanka a hunturu ba a shafa musu basilin ba. Dubi bayan hannunki a rana, babu baƙi a wurin. Fara da ruwan ƙasa mai duhu wanda ya ɗan karkata zuwa ja. In za ki haska goshi, karan hanci da kumatu, ƙara ɗigon ruwan lemo ko jan ƙasa. Kuma kada ki yi su launi ɗaya. A sahun masallaci ɗaya ma akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai fari.

Mahayana gyara su na yi. Na ɗauko daga sojojin Mahadi na Sudan masu tsayin milimita 28 na kamfanin Perry Miniatures, na tagwayen nan Alan da Michael Perry. Na kankare facin da ke jikin jibbarsu, na naɗa musu rawani da amawali da Milliput, wani ƙulli mai kashi biyu da ake murzawa ya daskare cikin 'yan awoyi. Lifidin doki ma da shi na yi: a shimfiɗa shi siriri, a tsaga layukan ɗinki da bayan reza tun yana ɗanye. Launukansa kuwa ki nemi hotunan Hawan Daushe na Kano ki kalli 'yan lifidi da kyau, har kwalkwali da gashin jimina.

Farar riga kada ki fara ta da fari. Fara da launin shayi mai madara, ki riƙa haskawa, farin gaske sai a kan tudun ninki kaɗai, gindin rigar kuma ki bar shi da ƙura. Rawani ɗan Kura shuɗi ne mai duhu sosai da ɗan shunayya. Bayan kin bi duk jikin da banish marar ƙyalli, sai ki taɓa rawanin kaɗai da mai sheƙi, ya ba da walƙiyar bugu. Sulke ya fi komai sauƙi: baƙi, sannan busasshen burushi da ruwan azurfa. Dawaki a gauraya, akawal, kili da hurde.

Sai dai in don wasa ne, ni ban ga daɗin 1903 ba. A Giginya ranar 15 ga Maris, da Burmi a watan Yuli, doki da mashi ne suka fuskanci bindiga mai ruwa ta Turawan Ingila. Na gwada sau ɗaya a teburi, cikin rabin awa aka gama, na kwashe mahayana jikina a sanyaye. Koma baya zuwa Tabkin Kwatto a 1804, inda 'yan bakan jama'ar Shehu suka tari dawakin Yunfa Sarkin Gobir. A nan kowane ɓangare yana da abin yi.

Malam, ina so in gina ganuwar Kano a teburi. Da me zan yi? Daga wani malamin firamare a Gwale.

Malam, kai da kake kwana kusa da ita, ka fi ni abin kallo. Fara da lissafi. Sojan milimita 28 kusan 1/56 ne, don haka bango mai tsayin mita 9 zai zama santimita 16. Wannan zai tare wa 'yan wasa gani, hannu ma ba zai shiga bayansa ba. Rage shi zuwa 9 ko 10, ido zai yarda.

Farin soson nan da ke zuwa a kwalin firij ko talabijin shi ne tubalinka. Yanka shi gindi da faɗi, sama a tsuke, ka manna a kan falle na katako. Kada ka kuskura ka fesa masa fentin gwangwani ko ka ɗiga masa sufa gulu. Na taɓa yin mako 2 ina sassaƙa wani tudu, na fesa masa fenti a bayan gida, ina tsaye ya narke kamar kitse a kasko, saboda sinadarin da ke cikin feshin yana cin soson. Yaɓe shi tukuna: kwaɓa farin gam da filasta irin ta silin da ɗan yashi mai laushi, ka shafa da yatsa. Kada ka daidaita shi sumul, sawun hannu shi ne kyan ginin ƙasa. Ja 'yan kwararo daga sama zuwa ƙasa inda ruwan damina ya zaizaye.

Fentin bango na ruwa ya ishe ka, kada ka ɓarnatar da na sojoji. Duhu a fara, jan ƙasa a kai, busasshen burushi da launin rairayi a ƙarshe. Yashin ƙasa ka tankaɗe shi da rariya, ka soya shi a tsohon kasko don ƙwari da danshi. Jinkar bukka tsohon tawul ne da aka jiƙa da gam aka taje ƙasa. Ciyawa kuma zaren igiya ne da aka warware.

Kukar da kuka gani a hoto wayar wuta ce guda 30 na murɗe wuri ɗaya, na ware su a sama suka zama rassa, na naɗe gindin da tishu da gam har ya yi ƙiba. Ban sa mata ganye ba, don na fi son ta a rani. 'Ya'yan da ke reto a jiki ƙwayar shinkafa ce, na rataye kowace da zaren ɗinki.