Amsa: Ƙamshi a na'urar VR, amfani ko kwalliya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sa ƙamshi a na'urar VR (wadda ake ɗaurawa a ido, mutum ya ji kamar yana cikin wurin da yake kallo) yana ƙara wani abu. Yana ƙarawa, matuƙar ya dace da abin da ido ke gani. Saƙon hanci yana saurin kaiwa ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da tsoro, shi ya sa ƙaurin hayaƙi a atisayen kashe gobara kan faɗar da gaba fiye da hoton wuta kaɗai. Dabarar ma tsohuwa ce: a 1962 wani mai ƙirƙira, Morton Heilig, ya yi wa na'urarsa ta kallon fim, Sensorama, rajista a Amurka, tana busa iska da ƙamshi.

Inda gizo ke saƙa, ido na da ƙwayoyin gane launi iri 3, sai allo ya haɗa ja, kore da shuɗi ya fitar da sauran. Na hanci kusan iri 400 ne, don haka dole a tanadi 'yan kwalaben ƙamshi daban-daban, in sun ƙare a sake saye. Kuma wari ba ya ɗaukewa nan take: a cikin VR ka fita daga daji ka shiga ɗaki, ƙamshin ciyawa na biye da kai. A ganina ya fi dacewa da horo fiye da wasa. Mai asma dai ya yi hattara.