Za mu buɗe shafin musayar labarai na masu zane da masu talla: me za mu kula da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zana shafukan intanet ne, abokina kuma aikinsa tallata haja ta intanet. Muna shirin buɗe shafi inda 'yan sana'armu za su riƙa kawo labarai da rubuce-rubuce masu amfani, sauran mambobi su kaɗa musu ƙuri'a, wanda ya fi samun ƙuri'a ya hau sama. Mun kusa kammala manhajar. Me ya kamata mu kula da shi kafin mu buɗe wa kowa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sa albarka a cikin wannan niyya. Shawarata ta farko ita ce kada ku buɗe wa kowa da kowa a ranar farko, domin babbar barazanar da ke gaban shafi irin naku za ta fito ne daga mutanen da kuke gayyata. Rabin jama'arku ƙwararru ne wajen jawo hankalin mutane zuwa ga haja, da wannan suke ci, da shi suke sha, saboda haka duk sabon wurin da idanu suka taru za su ɗauke shi a matsayin filin talla. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce, amma idan ba ku yi tanadi ba, shafinku na farko zai cika da rubutun da kowa ya yi wa kamfaninsa, mai neman ilimi kuwa ya leƙo sau ɗaya ya tafi.

Ku dubi yadda lissafin ƙuri'a yake aiki, za ku gane inda ɓarakar take. Hacker News, shafin musayar labaran fasaha wanda Paul Graham ya buɗe a 2007 kuma shafuka da dama na wannan nau'i suka kwaikwaya, yana raba ƙuri'un labari ne da tsawon awannin da ya yi a shafin, bayan an ƙara biyu a kan awannin an kuma ɗaga su zuwa ƙarfin 1.8. Sakamakon shi ne labarin da ya sami ƙuri'a 10 a awarsa ta farko yana shige wanda ya tara 100 amma ya kwana ya wuni. Wannan tsari yana da kyau wajen hana tsofaffin labarai zama daram a sama, sai dai yana ba awar farko ƙarfin da ya wuce kima. A ƙaramin shafi sabon buɗewa, mutum ɗaya da ya tura wa abokan aikinsa biyar saƙo cewa su shiga su danna masa ya isa ya mamaye saman shafin har yamma. Don haka tun yanzu ku sa manhajar ta riƙa lura da mambobin da kullum ƙuri'unsu ke tafiya tare, ku rage nauyin ƙuri'ar sabon mamba, ku kuma hana ƙuri'ar da ta zo daga wanda aka turo kai tsaye zuwa ga labari guda yin tasiri.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne shiga ta hanyar gayyata. Da haka shafin Designer News, wanda kamfanin LayerVault ya kafa, ya fara tara masu zane. Shafin Lobsters, wanda Joshua Stein ya kafa a 2012, ya ƙara wani abu da nake ganin ya dace da ku ƙwarai: kowa yana iya ganin wanda ya gayyato wane, don haka mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya shigo da wanda zai zubar masa da mutunci. A Lobsters ɗin suna da ƙa'idar cewa tallan kai kada ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mamba yake kawowa, kuma duk matakin da masu kula da shafin suka ɗauka, na cire labari ko gyara take ko korar mamba, a rubuce yake a bainar jama'a tare da dalilinsa. Ku rubuta irin wannan ƙa'ida kafin mamba na farko ya shigo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban ce ku haramta wa mutum kawo aikinsa ba, domin mai zane yana buƙatar ido ya ga abin da ya yi, amma a ware masa alama, ya faɗa da bakinsa cewa nasa ne.

Akwai wani ƙaramin gyara da zai rage muku wahala mai yawa. Da yawa daga masu zuba adireshi a shafukan mutane ba masu karatu suke nema ba, so suke Google ya ƙirga musu mahaɗin ya ɗaga darajar shafinsu. Ku liƙa wa kowane mahaɗin da mamba ya kawo alamar nofollow, wadda aka fito da ita a 2005, ko ugc da Google ya ƙaro a 2019, wato alamomin da ke nuna wa Google kada ya ƙirga mahaɗin, ku kuma sanar da hakan a fili, kwaɗayin zai ragu.

Sai batun shiru, wanda ke karya wa masu sabon shafi gwiwa. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya bayyana a 2006 cewa a yawancin dandalin intanet kashi 90 karatu kawai suke yi, kashi 9 sukan tanka jefi-jefi, kashi 1 ne ke kawo mafi yawan abin da ake karantawa. Ke nan a watannin farko ku biyu ne wannan kashi ɗayan, kullum sai kun zaɓo labarai masu nauyi da hannunku, domin abin da baƙo ya tarar a sama shi zai koya masa abin da ake kawowa. Waɗanda suka kafa Reddit, wani babban shafi irin naku, a 2005 sun faɗa da kansu cewa sun yi amfani da sunayen bogi don shafin ya yi kamar cike yake. Ban ba ku wannan shawara ba, musamman da yake 'yan sana'a ɗaya sun san juna, ranar da abin ya tonu kuwa amana ta tafi.

Ku kuma yanke hukunci a kan abin da ya haɗa jama'arku biyu. Mai zane yana son magana a kan haruffa da launi da sauƙin amfani da manhaja, mai talla kuma hankalinsa yana kan alƙaluman masu danna da masu saye. Idan kuka bar ƙuri'a kaɗai ta yi alƙalanci, ɓangaren da ya fi yawa zai danne ɗayan. Ku tsaya a inda sana'o'in biyu suka gamu, kamar tsarin shafin sayar da kaya, da tambarin kamfani, da gwajin zane biyu don ganin wanda ya fi karɓuwa, sauran kuma ku raba su da alamomin da kowa zai iya tacewa.

Game da kuɗin shiga, tallan guraben aiki ya fi dacewa da irin wannan shafi, tunda mambobi da kansu suna nemansa. Duk abin da aka biya kuɗi a kansa a rubuta a jikinsa ƙarara, kuma kada ya shiga layin ƙuri'a. Lokacin da Digg, shi ma shafin kaɗa wa labarai ƙuri'a, ya sauya tsarinsa a 2010 ta yadda labaran manyan kafafe suka riƙa shigowa kai tsaye suna rinjayar zaɓin mambobi, jama'arsa da dama sun kwashe sun koma Reddit. Ranar buɗe wa kowa kuwa ku jinkirta ta har sai kun ga mako ya wuce mambobi suna cika shafin farko ba tare da hannunku ba, kuma kun sami aƙalla mutum ɗaya daga cikinsu da zai taya ku sa ido.