Tambaya da Amsa: Lambun Rabin Eka da Cefanen Shekara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da lambu kimanin rabin eka a fadama ta wajen Kware, wanda na gada daga mahaifina. Kowace shekara albasa nake cika shi da ita, in cire a watan Maris lokacin da kasuwa ta tumbatsa, in sayar da araha domin in biya bashin taki da na fetur, kuma kafin damina ta yi nisa kuɗin sun ƙare. Mu tara ne a gida. Shin in bar albasa in koma tumatir ne, ko kuwa filin ne ya yi mini kaɗan?
Daga wani manomi, Kware.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya kuma albarkaci abin da ya bar maka. Shawarata ita ce kada ka bar albasa, domin ƙasarmu da iskarmu sun karɓe ta, kuma ita ce kayan lambun da ya fi jure ajiya da doguwar tafiya zuwa Legas ko ƙetaren iyaka ta Illela. Tumatir kuwa, in ya nuna, kwana kaɗan gare ka, kuma dillali ya san da haka tun kafin ka sauke kwando. Abin da ke cinye maka riba shi ne ka zuba duk filin a kan amfani guda mai zuwa sau ɗaya, a daidai makon da kowane manomi daga Wurno zuwa Gwaranyo da Gada yake ɗora nasa buhunan a mota zuwa kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato, alhali tukunyar gidanka kullum sai an ɗora ta.

Ka raba lambun gida uku, ba lallai su zo daidai ba. Kaso mafi girma, kamar rabin filin ko fiye da haka kaɗan, ka bar wa albasa. Ka zuba irinta a wurin reno da zarar ruwan sama ya ɗauke, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ka yi dashe bayan mako 6 zuwa 8, lokacin da kaurin dashen ya kusa na fensir, ka bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Mai dashe a Nuwamba yana morar sanyin hunturu gaba ɗaya, ganye ya yi ƙarfi kafin ƙwaya ta fara ɗauri, shi kuwa wanda ya kai Janairu bai dasa ba, zafin bazara ne zai tarar da albasarsa tana ƙarama. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Kaso na biyu na kayan da ake kai wa kasuwa a tsakiyar rani ne: kabeji, karas, latas da tattasai. A nan lissafin wata ya fi lissafin taki muhimmanci. Azumi yana riga lokacinsa na bara da kimanin kwana 11 a kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, wato a ƙarshen sanyi, lokacin da waɗannan ganyayyaki suka fi kyau. Kowa ya san yadda ake wawar latas da kabeji da kankana da la'asar sakaliya a watan Ramadan. Saboda haka ka ɗauki ranar da ake sa ran ganin wata ka ƙirgo baya: kabeji yana son kimanin wata ɗaya a wurin reno da wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe, karas wata uku daga shuka kuma ba a dasa shi, kankana kwana 75 zuwa 90, latas kuwa mako 4 zuwa 6 bayan dashe. Kada ka shuka su rana ɗaya. Ka riƙa zuba kwami biyu ko uku duk bayan kwana 10, yadda za su riƙa nuna bi da bi, ka riƙa fita kasuwa da kwando ɗaya sau da yawa.

Kaso na uku shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne wanda maza suka fi rainawa: alayyafo, sure, rama, kuɓewa, da layin zogale a bakin shinge. Alayyafo ana fara yankansa cikin mako 3 zuwa 4, kuma in an yanke shi sama da tushe yakan sake toho. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin wata biyu, sai dai ba ta son tsananin sanyi, don haka ka jira Fabrairu. Wannan ɓangare ba zai gina maka ɗaki ba, amma shi ne zai hana ka taɓa buhun albasa saboda kuɗin magi da gishiri da sabulu, kuma duk buhun da ya tsira daga cefane har zuwa Agusta ya zama wani abu dabam. Ka damƙa lissafin wannan kaso a hannun uwargida, domin ita ta san abin da tukunya ke ci a mako.

Game da bashi kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ban ruwa ya zama babban abin da ke cin kuɗin mai lambu. Ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, ka shimfiɗa tattakar shinkafa tsakanin layukan kabeji da tattasai domin laima ta daɗe, ka daidaita kwamanka yadda ruwa ba zai taru a gefe guda ba. Injin sola yana da tsada a farko, amma in ku uku ko huɗu masu maƙwabtaka kuka haɗa hannu kuka saya kuka raba kwanaki, zai fi muku sauƙi. Ku rubuta yarjejeniyar a gaban mai unguwa; zumunci da yawa ya lalace a kan wa zai biya kuɗin gyara.

TAMBAYA: Maigidana ya adana albasa a rudu, wato ma'ajiyarta mai rufin ciyawa, bara da nufin sayarwa da damina, amma da muka buɗe sai muka tarar kusan rabi ta ruɓe, wata kuma ta tsiro. Ni da 'ya'yana mata ne muke tsince ta muna jerawa, kuma an ɗora mana laifi. Ina kuskuren yake?
Daga wata uwargida, Wurno.

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin mafi yawan ruɓewar albasa a gona ake ɗauko ta, tun kafin ta iso hannun masu tsinta. Abu na farko shi ne takin yuriya da ake ƙarawa a makare don a ga ƙwaya ta yi girman da zai burge mai saye. Irin wannan albasa takan yi ƙaton wuya mai ruwa wanda ba ya rufewa, kuma ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga. Duk takin da za a ba albasar ajiya a gama ba ta shi kafin ta fara ɗauri sosai. Abu na biyu shi ne ruwa: a yanke ban ruwa kimanin mako 2 zuwa 3 kafin cira, kuma kada a cire sai fiye da rabin ganyen ya karye daga wuya ya kwanta da kansa. Wasu sukan bi ta da ƙafa su tattake ganyen don ta yi saurin kwantawa, wanda hakan rauni kawai yake ji mata.

Bayan cira sai shanya, kuma a nan ne gaggawa take yin ɓarna. A bar ta kwana 10 zuwa 14 a inuwa mai iska, ko a jera ta a gona yadda ganyen wannan layi zai rufe kan wancan, saboda ranar Maris da Afrilu a Sakkwato, wadda kan haura digiri 40, tana iya dafa ƙwayar da aka bari tsirara. Alamar ta shanyu ita ce ki murza wuyan tsakanin babban yatsa da manuniya: in kin ji santsi ko danshi, da sauranta, in kuwa ya bushe ya shaƙe, ɓawon waje yana ƙara kamar takarda idan an taɓa, to ta isa. Sai a yanke ganyen a bar kamar faɗin yatsu biyu a saman ƙwaya. Kada a yanke shi dab da kai.

Aikinku na tsinta yana da nasa ƙa'idojin. Wadda fartanya ta sara, da mai kai biyu, da mai kaurin wuya, da wadda ta yi zangarniya, duk a ware su a sayar ko a ci da wuri. Rudun kansa a ɗaga shi daga ƙasa a kan itatuwa yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashi, kada a tula albasar ta yi tsayi da yawa, kada kuma a lulluɓe ta da leda, domin zufa take sa ta. A tabbata rufin ciyawa ba ya yoyo kafin ruwan farko na Yuni. Sannan a riƙa buɗewa duk mako biyu ana fitar da wadda ta fara laushi. Hanci yakan riga ido ganewa. Ko an yi komai daidai, albasa tana rage nauyi a ajiya, kuma laimar Agusta tana tayar da tsiro, shi ya sa nake ganin ya fi a sayar kashi-kashi daga Yuli da a jira farashin ƙoli wanda ba kowa ke riskarsa da kaya masu kyau ba. Lawashin da aka yanke kuwa kada a zubar. In kun daka kun shanya kun yi gabu, kuɗinku ne ku mata, kuma ba ya jin tsoron damina.

TAMBAYA: Ganyen tumatirina ya yi fari-fari kamar an ƙona shi, 'ya'yan kuma duk huji. Na yi feshi sau da dama ba canji. Mene ne wannan?
Daga wani matashi, Kwalkwalawa.

AMSA: Ɗan'uwa, ka tsinko ganye ɗaya ka ɗaga shi saitin rana. In ka ga wata 'yar tsutsa tana kwance a cikin farin tabon tare da baƙin kashinta, to wannan ita ce Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta bayyana a Nijeriya wajen 2015, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Dalilin da feshinka bai ci ta ba shi ne a tsakiyar ganye take zaune, fata a sama fata a ƙasa, maganin ba ya taɓa ta. Ƙari a kan haka, cikin wata guda take kammala rayuwarta daga ƙwai zuwa malam-buɗe-littafin da zai sake yin ƙwai, kuma zafi yana ƙara mata sauri, don haka in ana maimaita magani iri ɗaya, masu jure masa ne suke saura su hayayyafa.

Ka tsince ganyaye da 'ya'yan da suka kamu ka binne su a rami mai zurfi, kada ka watsar a bakin gona. Ka yi feshi da yamma lokacin da uwayen suke fitowa, ka kuma nemi malamin gona ya zaɓa maka magunguna biyu da aikinsu ya bambanta ka riƙa sauyawa. Kai da kake kusa da gonar gwaji ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba ka da uzurin rashin tambaya. Akwai tarko mai ƙamshin macen ƙwaron da ke janyo maza, wanda zai nuna maka zuwansu tun kafin ɓarna ta bayyana. Ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka, ka kiyaye su, domin abin da ka kai kasuwa da safe wani yaro ne zai ci da dare. In ɓarnar ta riga ta game gonar, ka tsinke abin da ya tsira a yanka a shanya kauɗa, ka tumɓuke sauran ka ƙone. Baɗi ka dasa da wuri, a Oktoba ko Nuwamba, kuma a wani gefen da ba a sa tumatir ko gauta ba a bana.

TAMBAYA: 'Ya'yana maza biyu suna sakandare, kuma lokacin dashe da cirar albasa ina bukatar hannu. Mahaifiyarsu ba ta son su yi fashin makaranta. Yaya za mu daidaita?
Daga wani magidanci, Gwaranyo.

AMSA: Alhaji, gaskiya tana wajen mahaifiyarsu, kuma aikin lambu yana da sassaucin da zai ba ku damar ku biyu ku samu abin da kuke so. Ayyukan da ke son hannu da yawa a lokaci guda biyu ne kawai, dashe da cira. Dashe dama da yamma ya fi kyau, saboda dashen ya kwana cikin sanyi kafin rana ta same shi, don haka ka raba shi zuwa yammaci da yawa bayan an taso makaranta, da ranakun Asabar da Lahadi. Cira kuwa albasar da aka yanke wa ruwa tana iya jiran ƙarshen mako ba ta lalace ba. In aikin ya fi ƙarfinku, ka kira gayya ko ka ɗauki ɗan ƙwadago na kwana biyu, musamman in babban yana shirin jarrabawar fita, wadda ake farawa wajen Afrilu da Mayu.

Feshin magani kada ka ɗora musu shi ko kaɗan. Abin da ya fi dacewa da su shi ne ka ba kowannensu kwami biyu na latas ko alayyafo, ya shuka ya sayar ya sayi littafinsa da takalminsa, ka kuma miƙa wa babban littafin lissafin gona ya riƙa rubuta ranar shuka, kuɗin iri da taki da fetur, da abin da kowane buhu ya kawo. Idan kaka ta zo za a zauna shawarar abin da za a shuka, sai ya buɗe littafin ya karanta muku.